Mai Maganin Rai-ɗore da Surukarsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, amma ba da noma aka san shi ba, da maganin zazzaɓi aka san shi. Tun yana saurayi mahaifiyarsa ta koya masa haɗa shi da rai-ɗore, ɗan itacen nan mai fure rawaya da ke fitowa a bayan gidaje da bakin hanya. Kowa a ƙauyen ya san rai-ɗore da ido. Abin da ba su sani ba shi ne wane ganye ake tsinka, wane ake bari, da me ake haɗa shi, yaushe ake sauke tukunyar, wa zai sha, wa kuma bai kamata ko ya ɗanɗana ba. Wannan mutumin kaɗai ya san haka.

Bai taɓa hana kowa magani ba. In an zo masa yakan tashi ko yana tsakiyar cin tuwo. Amma shi kaɗai yake fita tsinko ganyen, ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa, ya dafa, sa'an nan ya fito da shi cikin ƙwarya. Yana jin daɗi ƙwarai in ya ga mutane sun durƙusa a ƙofarsa, yana kuma jin daɗi in ya ji ana cewa in ba don shi ba da ƙauyen ya watse.

Ɗansa guda ne, ya kuwa rasu ya bar mata mai suna Rahila. Danginta suka zo ɗaukarta, amma ta ce ba za ta bar tsohon shi kaɗai ba, gama matarsa ta daɗe da rasuwa. Ta zauna tana yi masa girki, tana ɗebo masa ruwa. Wata rana ta roƙe shi ya koya mata maganin, ko don ta rage masa wahala. Ya ce mata ita dai ta kula da murhunta, shi ya kula da nasa. Ba ta ƙara tambaya ba.

Shekaru suka wuce, yanar ido ta fara rufe idanun tsohon. Da fari abin nesa ne ba ya gani, daga baya har fuskar wanda ke gabansa sai ta zama kamar hayaƙi. Bai faɗa wa kowa ba. Yakan gane mutane da muryarsu, yakan bi hanyoyin da ƙafarsa ta saba. In ya yi tuntuɓe sai ya ce wani ne ya ajiye dutse a kan hanya.

Da wata damina zazzaɓi ya shigo ƙauyen, ya kama Filibus maƙeri, wanda ke gyara wa dukan manoman wurin fartanya. Matarsa ta zo ta durƙusa a ƙofar tsohon, ta ce mijinta kwana biyu ke nan bai ɗaga kai ba, jikinsa kamar wuta. Tsohon ya ce ta koma gida, magani na zuwa.

Ya ɗauki sandarsa ya nufi bayan gari, inda rai-ɗore da tafasa ke fitowa a cakuɗe. Ya sunkuya yana laluben ganye da hannu. Ana cikin haka sai ya ji muryoyin mata suna tahowa daga rijiya. Tsoro ya kama shi kada su gan shi yana lalube kamar makaho. Ya yi sauri ya tsinki abin da hannunsa ya kama, ya cusa a aljihun riga, ya miƙe ya amsa gaisuwarsu. Ya koma ɗakinsa ya dafa, ya aika.

Filibus ya sha, ya kuma sha, zazzaɓin bai sauka ba. Kwana uku jikinsa na ƙara tsanani, har ya fara sambatu, ba ya gane 'ya'yansa. Mutane suka ce in maganin tsoho bai yi aiki ba, to, kwanan maƙeri ne ya ƙare.

A rana ta ukun, da safe, Rahila tana share ƙofar ɗakin surukinta sai ta ga ragowar ganyen da ya zubar. Ta ɗauka ta duba. Ganyen rai-ɗore mai tsinin baki ne, wannan kuwa bakinsa a zagaye yake. Tafasa ce, irin wadda take yin kwaɗo da ita. Nan take ta gane abin da ya faru, ta kuma gane dalilin tuntuɓen da tsohon ke yawan yi.

Ta tsaya da tsintsiya a hannu, zuciyarta na kai da kawowa. In ta yi shiru, maƙeri zai iya mutuwa. In ta faɗa wa maƙwabta, ta tona asirin mutumin da ta ɗauka kamar uba. Tsakanin mace da surukinta kuwa akwai kunya, ba ta taɓa gyara masa magana ba tun da ta shigo gidan. Ta yi addu'a a zuciyarta, ta jira har ba kowa a tsakar gida, sa'an nan ta je ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmarsa.

Ta ce, "Baba, ka yi mini gafara. Ganyen da na share a ƙofarka tafasa ce."

Tsohon ya fusata. Ya tambaye ta ko yau ita ce za ta koya masa rai-ɗore, shi da ya san shi tun ba a haifi uwarta ba. Rahila ta miƙe. Ta matso ta sa ganyen a tafin hannunsa, ta koma inda take.

Ya shafa bakin ganyen da ɗan yatsa, ya sake shafawa. Ya kai shi hanci ya sansana. Can sai hawaye suka gangaro daga idanun nan da ba sa gani.

Ya ce, "'Yata, shekara biyu ke nan ban ga fuskarki ba. Na ji tsoro in mutane suka sani, ba wanda zai ƙara zuwa ƙofata."

Ta ce, "Baba, Filibus yana da rai har yanzu. Ni ina da ido, kai kana da sani."

Tsohon ya miƙa mata hannu ya ce ta kama. Suka fita tare da rana tsaka, ta tsakiyar gari, tana riƙe da shi, kowa na kallo. Wani ya tambaye shi lafiya, ya amsa da bakinsa cewa idanunsa sun tafi, surukarsa ce ke yi masa jagora. Da suka kai bayan gari ya zauna a kan wani kututture, ya ce ta nemi itacen da ya riga ya yi fure, ta bar wanda bai yi ba. Ya gaya mata ganyen da za ta tsinka, ya ce kada ta taɓa tumɓuke saiwar, domin baɗi ma za a yi rashin lafiya. Duk abin da ta tsinko sai ta sa masa a hannu ya shafa, ya sansana, ya ce wannan ya yi, wannan a yar.

Da suka dawo bai shiga ɗakinsa ba. Ya ce a ɗora tukunyar a murhun Rahila, a tsakar gida. Yana faɗa tana yi, tana gaya masa launin ruwan, har ya ce a sauke. Ita ta kai wa matar maƙeri. Kashegari gumi ya karyo wa Filibus, ya buɗe ido ya nemi kunu. Bayan mako guda aka ji ƙarar guduma daga maƙera.

Filibus ya zo godiya da kansa. Tsohon bai ɓoye masa kome ba, ya gaya masa yadda girman kai ya kusa sa shi ya kashe shi, ya roƙi gafara. Maƙerin ya kama hannunsa ya ce ya yafe. Daga ranar tsohon ya koya wa Rahila dukan abin da mahaifiyarsa ta koya masa, har da waɗanda ba a ba su maganin, kamar mai juna biyu da jariri. Ya kuma ce mata duk wanda ya tambaye ta, ta koya masa. Mata suka riƙa zuwa suna zama kewaye da tabarmarsa suna tambaya, har daga ƙauyukan da ke kusa. Tsohon da ya ji tsoron kaɗaici bai ƙara cin abinci shi kaɗai ba har ranar da Allah ya kira shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, duk abin kirki da ke hannunmu karɓa muka yi. Tsohon nan ba shi ya halicci rai-ɗore ba, ba shi ya ƙirƙiro sanin ba. Allah ya shuka itacen, mahaifiyarsa ta ba shi sanin. Haka bishara take, haka kowace baiwa take. Akwai wanda ya iya waƙa a cikinmu, shekara ashirin shi ke jan waƙa, bai koya wa kowa ba. Akwai wadda ta san yadda ake sulhunta ma'aurata, akwai wanda ya san Maganar Allah sosai, amma yana so a riƙa zuwa wurinsa shi kaɗai. Muna ba mutane ƙwarya su sha, amma muna jan ƙofa kada su ga tukunyar. Wannan ba hidima ba ce cikakkiya, gama rabinta domin Allah ne, rabinta domin sunanmu.

Ku lura kuma, ba makanta ce ta kusa kashe maƙeri ba. Ɓoye makantar ne. Kowannenmu yana da wurin da ba ya gani, ni ma mai yi muku magana ina da nawa. Ubangiji bai taɓa ƙin mutum don ya gaza ba. Yakan ajiye mana wani a kusa, sau da yawa wanda muka raina, domin ya nuna mana kuskurenmu. In kuwa kai ne aka ba ka ganin kuskuren wani, ka yi yadda Rahila ta yi. Ba ta kai maganar bakin rijiya ba, ba ta kuma binne ta ba. Ta je wurinsa shi kaɗai, da ladabi, da gaskiya a hannunta.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana shi zuwa asibiti, ba maganar ganye na zo yi muku ba. Maganar zuciya ce. Tsohon nan ya yi tsammani in ya faɗi gaskiya ya ƙare, ashe a ranar ne aikinsa mafi amfani ya fara, yana makaho, ƙarfinsa ya tafi. Saboda haka kada kowa ya ce lokacinsa ya wuce. A wannan mako, ka nemi mutum guda ka koya masa abin da Allah ya ba ka. In kuwa akwai abin da ka daɗe kana lalube a kansa a ɓoye, ka miƙa hannu ka ce wa ɗan'uwanka ya kama. Almasihu ba zai kunyatar da kai ba.