Sarkin da Ya Tafi Neman Asalin Masassara

An yi wani sarki mai adalci da gaggawa, wanda ya tashi a kan tudu, Allah bai taɓa jarraba shi da ko ciwon kai ba. Wata damina ya kira gayyar gyaran ganuwa, kowane gari ya zo, ban da mutanen Kwarin Gamji, waɗanda suka aiko cewa masassara ta kwantar da su.

Sarki ya kira Waziri Jatau ya ce, "Zazzaɓi dai na ji ana faɗa. Wannan tsohuwar kalma kuwa, ina zaton ragwaye ne suka tono ta. Ka kawo mini ma'anarta da asalinta, in ba haka ba in tashi garin, su koma dawa."

Waziri, wanda a kwarin aka binne cibiyarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ma'anarta sanyi a cikin zafi, asalinta kuwa kududdufi da sauro."

"Sanyi a cikin zafi! Ka taɓa ganin ƙanƙara a murhu? Da kaina zan je in kama maƙaryata."

"To, ranka ya daɗe, a ɗauki bargo."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Waziri kuwa ya naɗe bargo uku a bayan sirdinsa.

Suka sauka a bakin fadama. Aka kawo gidan sauro, sarki ya ce jarumi ba ya kwana a cikin rariya. Bai cika mako biyu ba, ran nan da azahar, rana na ƙona ƙasa, sai ga shi yana karkarwa, haƙora na kaɗa kalangu.

"Waziri, bargon nan."

"Wanne, ranka ya daɗe?"

"Duka."

Iya Dije, mahaifiyar Waziri, ta dafa ganyen darbejiya, ta lulluɓe shi don sirace tana cewa, "Sannu, ɗan nan. Ka tashi ka je gayya mana."

Daga ƙarƙashin bargo sarki ya ce, "Iya, na tuba."

Da Allah ya ba shi lafiya, ya yafe wa garin, ya juya gayyar ganuwa zuwa cike kududdufai, ya ba Waziri alkyabba, Iya kuwa saniyar tatsa. Masu hikima suka ce, wanda bai kwana inda talaka ya kwana ba, kada ya yi saurin ƙaryata rawar sanyinsa.