Motar Da Munkaila Ya Ji Kunyarta

Akwai wani makanike a garin Matameye mai suna Munkaila, wanda duk direban da ke bin hanyar Damagaram ya san garejinsa. Allah ya ba shi hannu. Mota za ta shigo masa tana tari tana shaƙewa, ta fita tana gurnani. Sai dai abin da ya fi so a sana'arsa shi ne gudu. In ya gama gyara, sai ya tsaya bakin kwalta, hannu a ƙugu, ya ga yadda motar ta ɓace wa ido, sannan ya yarda aiki ya yi.

Shi kansa yana da wata jar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Ya canza mata arbir-a-kam, wato sandar ƙarfen da ke buɗe wa inji numfashi tana rufewa, ya sa irin wadda ba ta nuna ƙarfinta sai an taka totur sosai. A kan kwalta babu mai kama ta. In ta wuce tasha, samari har miƙewa suke su bi ta da kallo.

Wata ranar kasuwa sai ga Hajiya Najaha ta zo da tata kat-kat ɗin, fara, wadda ta sha jiki. Hajiya dattijuwa ce mai garkunan rake a fadamar da ke wajen Tsauni. Ta zauna a kan benci, ta gyara lulluɓinta, ta faɗi damuwarta. In an loda rake a cikin fadama, motar ba ta iya hawowa tudu. Ƙafafu su yi ta juyawa cikin jiƙaƙƙen rairayi, kuloc ya yi ta wari, kuma ƙarfen ƙafar baya ya sha karyewa.

Munkaila ya fara yi mata bayanin irin aikin da ya yi wa tasa motar, yana nuna ta da haɓa. Hajiya ta saurara har ya gama.

"Ɗana, ni ban san sunayen ƙarafunanku ba," in ji ta. "Ba tsere zan yi da kowa ba. Ina son ta ɗauki kaya ta fito daga rami a hankali, ko da mai jaki zai wuce ta."

Maganar ba ta yi masa daɗi ba. Ya gaya mata cewa in ya yi yadda take so, motar za ta zama abin dariya a kan kwalta, injin na ihu ita kuwa tana rarrafe. Ta ce ta ji, ta kuma yarda.

Ya karɓi aikin ne don nauyin shekarunta. Amma da ya kwance motar, hannunsa ya ƙi yin ha'inci, ko da yake zuciyarsa ba ta wurin. Ya je har Kano ya zaɓo arbir-a-kam mai ba da ƙarfi tun injin yana ƙasa-ƙasa, tun ba a taka komai ba. Ya buɗe pon na baya, wannan tulun ƙarfe da ke tsakanin ƙafafu biyu, ya sa masa haƙora masu rage gudu su ƙara ja. Ya yi wa na gaba irin haka daidai wa daida, don in suka saɓa, gaba da baya za su yi ta faɗa har wani ya karye. Ƙarafunan ƙafa kuwa, akwai tsofaffi a kusurwar garejin da za su iya shiga ba wanda ya sani, ya ɗaga su ya duba, ya mayar, ya sa sababbi masu kauri. Ya ƙara mata makullin da ke sa ƙafafun baya su juya tare, kada ɗaya ta yi ta haƙa rami ɗaya na hutawa.

Ranar da Lawwali, direban Hajiya, ya zo ɗaukarta, masu shayi na bakin hanya suka yi ta dariya ganin wata amalanken shanu ta kusa jerawa da ita a giya ta ɗaya. Munkaila ya shige cikin gareji. Daga baya ma, in an tambaye shi ko shi ya yi aikin, sai ya ce abin da mai mota ta nema ke nan, ya canza zance.

Damina ta wuce, aka shiga aikin garka. Munkaila yana da ƙane, Shamsu, maginin rijiya, wanda Munkaila ne ya raine shi tun rasuwar mahaifinsu. Wata rana da hantsi aka kira shi a waya. Illa ne, abokin aikin Shamsu. Suna saukar da zoben siminti cikin wata sabuwar rijiya a fadamar Tsauni, igiya ta tsinke, zoben ya faɗa ya karkace, ya danne ƙafar Shamsu a ƙasa. Yana da rai, yana magana, amma ruwa na tsattsafowa.

Munkaila bai rufe gareji ba. Ya faɗa jar motarsa, kuma a ranar gudunta ya yi masa rana, don kafin a ce me, ya isa.

Ya tarar da mutane sun kewaye rijiyar. An kafa ƙarafuna uku a bakinta, da puli a sama, wato ƙaramar tayar ƙarfe da sarƙa ke bi ta kanta. Illa ya riga ya sauka ya ɗaura sarƙa a zoben. Maza sun ja iya ƙarfinsu, amma laka ta riƙe zoben, ƙafafunsu na zamewa a rairayi. An kira masu ceto, amma suna nesa. Munkaila ya leƙa, ya hango ƙanensa, ruwa ya kai masa ƙugu.

"Yaya, ka zo?" in ji Shamsu daga ƙasa.

"Na zo. Kada ka motsa."

Ya ɗaura sarƙar a motarsa. Illa ya gargaɗe shi cewa bangon rijiyar rairayi ne zalla, fizga ɗaya za ta iya rufta shi. Munkaila ya shiga, ya saki kuloc a hankali, injin ya mutu. Ya sake tayarwa ya ƙara totur, sai motar ta yi tsalle, sarƙar ta yi ƙara, ƙafafun baya suka fara watsa rairayi. Daga cikin rijiya aka ji nishin Shamsu, da sautin ƙasa na zuba cikin ruwa. Mutane suka ɗaga hannu suna cewa ya tsaya.

Ya kashe motar ya fito. Ya fi kowa sanin dalili. Shi ya gina ta haka da hannunsa: ko dai ta mutu, ko ta zabura, ba ta san tsakani ba.

Yana tsaye bai san abin yi ba, sai ya ji ƙarar wani inji daga cikin rake, ƙara mai nauyi, a natse. Farar motar Hajiya Najaha ce. Labari ya kai ta a garkarta, ta sa aka sauke raken da aka fara lodawa. Ta sauko daga gaba tana dogara sanda, ta dubi rijiyar, ta dubi Munkaila, ta ce wa Lawwali ya ba Munkaila makulli, shi ya san cikinta.

Aka mayar da sarƙar jikin farar motar. Munkaila ya kulle ƙafafun baya, ya sa ƙaramar giya, ya yi bisimilla, ya ɗage ƙafarsa daga kuloc. Bai taɓa totur ba.

Motar ta motsa. Da farko ma ba wanda ya tabbata ta motsa, sai da aka ga sarƙar ta bar ƙasa ta miƙe. Injin bai canza murya ba. Tayoyi huɗu suka kama jiƙaƙƙen rairayi suna juyawa, a hankali har mutum na iya bin zanen taya ɗaya da ido daga sama zuwa ƙasa. Wata akuya da ke kiwo a gefe ta zo ta wuce gaban motar, ba ta ko ɗaga kai ba.

Wurin ya yi tsit. Ba a jin komai sai bugun injin da kukan puli. Can ƙasa laka ta yi wani dogon tsotso, ta saki. Illa, da ke kwance a bakin rijiya yana leƙe, ya ɗaga hannu ɗaya bai waiwayo ba, ya ce a ci gaba a haka, zoben ya tashi, bango bai motsa ba.

Munkaila na riƙe da sitiyari, gumi na shiga masa ido, bai iya sharewa ba. Yana jin nauyin zoben nan gaba ɗaya yana bi ta sarƙa, ya shiga pon, ya sauka kan ƙarafunan ƙafa. Yana jira ya ji ƙas na karyewa. Bai ji ba.

Da zoben ya fito sarari, aka zura katako a ƙarƙashinsa. Illa ya sauka da igiya, aka fito da Shamsu, laka har gemu, ƙafarsa a karye amma yana salati da bakinsa. Wani dattijo mai garka, wanda ya yi shekaru yana ganin aikin rijiya, ya ce shi bai taɓa ganin ƙarfi mai ladabi irin wannan ba. Mata na gefe suna share hawaye suna ambaton Allah.

A bayan farar motar aka shimfiɗa ganyen rake aka kwantar da Shamsu. Ita ta hau da shi tudun fadamar ba tare da ta girgiza shi ba, Munkaila na zaune a baya, kan ƙanensa a cinyarsa. Jar motar kuwa a nan ta kwana, sai washegari aka jawo ta daga ramin da ta haƙa wa kanta.

Da aka ɗaure ƙafar a asibiti, hankali ya kwanta, Munkaila ya je gidan Hajiya. Ya durƙusa a zaure ya fara godiya. Hajiya ta bar shi har ya gama.

"Ni abin da nake buƙata kawai na faɗa," in ji ta. "Kai ka yi aikin, kuma ba ka cuce ni ba. Allah za ka gode wa. Tashi ka kai wa Shamsu wannan furar."

Shamsu ya warke, yana ɗan ɗingishi, ya koma sana'arsa. Munkaila bai daina son gudu ba. Amma yau duk wanda ya kawo masa mota, kafin ya taɓa sifana, sai ya ba shi wurin zama ya tambaye shi wace hanya yake bi, kuma me yake ɗauka.

Darasi: Kada ka raina buƙatar mutum don ba ta yi daidai da abin da kake taƙama da shi ba. Kuma duk aikin da aka ba ka amana, ka yi shi tsakaninka da Allah, ko da ranka bai so ba, ko da babu mai ganin cikinsa, domin ba ka san ran wa zai rataya a kansa ba. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani mai sana'a da ka sani, ya karanta shi ma.