Hannun da Ya Ƙi Sauka

Akwai wani manomi da ya sa wa sassabensa wuta. Iska ta juya, wutar ta tsallaka gonar maƙwabcinsa, ta cinye 'ya'yan mangwaron da ya sha wahalar reno. Tun daga ranar maƙwabcin ya daina amsa gaisuwarsa. Ga shi kuwa majami'a ɗaya suke sujada.

Kun san al'adarmu. Kafin Jibin Ubangiji limami yakan ce, "Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku," sai kowa ya tashi ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Yawancinmu dai na kusa muke ba, mu yi wuf mu zauna.

Ran nan manomin ya bar bencinsa, ya ratsa jama'a har inda maƙwabcin yake zaune a jikin bango. Ya tsaya a bakin bencin, ya miƙa hannu, ya ce, "Salama, ɗan'uwa. Na yi maka laifi."

Maƙwabcin ya harɗe hannuwa, ya kau da kai.

Aka gama gaisuwa, kowa ya zauna, manomin yana tsaye. Matarsa ta zo ta raɗa masa, "Maigida, ido fa ya yi mana yawa. Zo ka zauna."

Ya ce, "Da wannan hannu zan karɓi gurasa. Ba zan kai shi teburin Ubangiji ba sai ya taɓa nasa."

Kunya ta kama shi, kafaɗarsa ta yi tsami, amma bai sauke ba. Mutane suka fara fita layi layi suna durƙusawa gaban bagade. Maƙwabcin ya tashi zai bi su, sai ya ga bango a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ga hannun nan ya tare hanya. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya kama hannun, ya ce, "Salama. Amma ka ƙona mini rai."

Manomin ya ce, "Na sani. Da damina ta faɗi zan zo mu dasa wasu."

Su ne na ƙarshe da suka durƙusa, suka sha daga ƙoƙo ɗaya.

Ma'anar wannan misali ita ce, gaisuwar salama ba hutun rabin sujada ba ce. An sa ta kafin tebur domin kada mu je gaban Ubangiji da gaba a zuci. Miƙa hannu ga wanda kuke shiri ba wuya. Yau in limami ya ba da salama, ka duba bencin da kake gudu, ka tashi ka je can. In an ƙi karɓa, kada ka sauke hannunka.