Saje Mudi da Gwangwanin Madara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba, shekaru da dama da suka wuce. Ɗan sanda ne. To ga shi nan, tun ban je ko'ina ba na ga wasu sun fara taɓe baki. Na ce bawan Allah, na ce ɗan sanda, sai kuka ga kamar na haɗa abin da ba ya haɗuwa. Wannan halin naku ne ya sa na ɗauko labarin. Ku saurara. Kai ma mai latsa waya a jikin ginshiƙi, da kai nake.

Sunansa Mudi, muƙaminsa saje. Shekara ashirin da biyu yana sanye da kaki. Waɗanda ya koya wa fareti sun zama manyansa yana sara musu, shi kuwa yana nan da igiyarsa uku da tsohon kekensa. Ba ya ɗaga murya, ba ya miƙa hannu a bakin titi, don haka abokan aikinsa suka ɗauke shi wawa.

A garin akwai wasu samari da ake kira 'Yan Kwance. Abin da suke yi shi ne su samo tsohuwar mota wadda mai ita ya gaji da ita, su shiga gareji da ita, su yanke sifirin da ke ɗaga jikinta, su sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa shafar kwalta. Sai su yi mata fenti mai ƙyalli, su zana mata furanni. Duk Asabar bayan la'asar su taru a filin tsohuwar tasha, su jera, su zaga gari a hankali, irin tafiyar da mai turin baro zai wuce su bai yi haki ba. Gudu abin kunya ne a wurinsu. Kuma suna da ƙa'idar shiga: a tsayar da gwangwanin madara a ƙasa, mota ta bi ta kansa. In cikinta ya ture shi, ta kwanta, an karɓe ta. In ta wuce gwangwani yana tsaye, a yi wa mai ita dariya, ya koma gareji.

Kada ku tambaye ni amfanin abin. Wallahi ni ma ban sani ba. Mutum ya ɗauki lafiyayyar mota ya gurgunta ta da hannunsa, yana murna! Amma rashin amfani daban, laifi daban, kuma nan ne mutanen garin suka kasa bambancewa, kamar yadda ku ma kuke kasawa.

Duk Asabar sai an yi rikici. 'Yan sanda su zo da kulki da janwe, wato motar jan motoci, su ja motar da ba ta jure ja, salansa ta tsinke, fenti ya kankare. Samari su watse, su dawo da duwatsu. A fasa kan wani, a kai wani bayan kanta. Asabar ta sake zagayowa a sake. Shekara uku ana wannan shirmen, ba wanda ya taɓa tambayar wani komai.

Rannan baturen 'yan sandan yankin ya gaji, ya kira Saje Mudi ya ce, "Tunda kai ba ka da wani amfani a bakin titi, je ka kore min yaran nan."

Saje ya ce, "To, yallaɓai."

Ya hau kekensa shi kaɗai, ba kulki. Da samari suka hango kaki, kowa ya sunkuya ya ɗauki dutse. Shi kuwa ya jingine keke, ya nufi wata koriyar mota da ta fi duk sauran kyau. Mai ita wani saurayi ne, Jazuli, fentin mota ne sana'arsa, kuma shi ne babbansu. Shekara huɗu ya yi yana haɗa motar nan.

Saje ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ɗana, da ka yanke sifirin, me ka yi wa tukunyar baƙin mai? Ai ita ce za ta fara cin ƙasa."

Jazuli ya ce, "Oga, in kamu ka zo yi, ka yi kamunka. Ban da wayo."

"Tambaya na zo yi. Ubana bakanike ne, a ƙarƙashin mota na girma, amma ban taɓa ganin irin wannan aikin ba."

Suka tayar da motocinsu suka bar shi a tsugune. Asabar ta gaba ya dawo, suka sace masa iskar keke, ya tura abinsa zuwa gida. Ta gaba ya dawo, suka ce ɗan leƙen asiri ne. A caji ofis kuma ana ce masa shugaban 'yan iska. Ku duba fa: can zagi, nan zagi, albashi bai ƙaru ba. Da ɗayanku ne, tun ranar farko ya ce shi ba zai iya ba, ya zo yana ba mu labarin rashin tarbiyyar yaran zamani.

Sai a wata na uku abin ya fara sauyawa. Motar wani daga cikinsu ta ƙi tashi, duk sun yi iya yinsu. Saje ya cire hularsa, ya naɗe hannun riga, ya ce a ɗaga ta da jak. Ya kwanta a ƙasa da kakinsa, ya gano wayar da ta goge ta tsinke, ya haɗa. Ya fito baƙi ƙirin da mai. Jazuli ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙa masa tsumma ya ce, "Baba Saje, goge hannunka." Daga ranar ya tashi daga Oga ya koma Baba.

A hankali suka yi yarjejeniya ta baki da baki. Su za su daina bi ta hanyar asibiti, su daina tare kasuwa. Shi kuma zai riƙa shiga gabansu a keke yana ba da hannu, janwe ba zai sake zuwa ba. Har suka ɗora shi a kan aikin tsayar da gwangwani, wai shi ne ba zai yi son kai ba. Kullum yana yawo da gwangwanin madara a aljihun kaki. Shekara guda cur ba a jefi kowa ba.

To, ku saurara, yanzu aka zo wurin.

Wata Talata da hantsi, wata mota ta shigo Layin Makera a guje ta banke wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Gwoggo Hansatu, ta karya mata ƙafa, ta tsere. Aka tambayi waɗanda ke wurin, suka ce koriya ce. Shi ke nan fa! Wa ke da koriyar mota? Jazuli. Ba wanda ya ga lamba, ba wanda ya ga direba, amma kafin azahar duk gari ya gama shari'a. Har da masu rantsuwa sun gan shi da idonsu, alhali suna gona lokacin da abin ya faru. Kun san irin mutanen nan. Wasunsu suna zaune a nan. Matasan layin suka nemo fetur, Jazuli ya ɓuya shi da motarsa.

Baturen 'yan sanda ya kira Saje ya ce, "Yaran nan sun yarda da kai. Aika masa ka ce ya zo ku tsara zagayen Asabar. Yana fitowa mu damƙe shi, gari ya lafa."

Saje ya san in ya yi haka, yau ɗin nan zai zama mutumin kirki a wurin manyansa, wataƙila har ƙarin girman da ya shekara ashirin yana jira ya zo. Ya kuma san in ya yi, ba wani saurayi a garin da zai sake yarda da maganar mai kaki har ya mutu.

Ya ce, "Yallaɓai, zan kawo shi. Amma ba zan yi masa ƙarya ba."

"Umarni na ba ka!"

"Na ji, yallaɓai. Ka ba ni zuwa la'asar, ka same ni a Layin Makera. In ban zo da shi ba, ka cire min igiya."

Ya hau keke, ya fara zuwa layin. Mutanen Layin Makera sun daɗe da gicciya tudun siminti guda uku a titinsu don rage gudun motoci, irin wanda 'yan unguwa ke yi da kansu ba awo, kowanne kamar kunyar dankali. Tsakanin na biyu da na uku aka banke tsohuwar. Saje ya tsuguna, ya ciro gwangwaninsa ya tsayar a jikin tudun farko. Tudun ya ɗara gwangwanin da yatsa uku. Ya mayar da abinsa aljihu.

Ya sami Jazuli a bayan wani gareji, an lulluɓe motar da tamfol. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "An ce in yaudare ka ka fito, na ƙi. Kama ka ake son yi, kuma mutane sun tanadi fetur. Ina so ka tuƙo motar nan zuwa Layin Makera, ka hau tudun farko a gaban kowa."

Jazuli ya ce, "Baba Saje, ai ba za ta hau ba. Ban taɓa shiga layin nan da ita ba. Cikinta zai fashe."

"Na sani. Shi nake so su gani."

"Shekara huɗu fa, Baba!"

"Na sani, ɗana. Ban yi maka alkawarin motarka za ta tsira ba. Abin da na yi maka alkawari, ina gabanka. Duk dutsen da zai same ka, sai ya fara samuna."

Yaron nan ya yi kuka, ya share hawaye, ya yaye tamfol. Ku tambayi kanku, me ya fito da shi? Ba bindiga, ba sammaci. Maganar mutum ɗaya ce, wanda bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Suka shigo layin, Saje a ƙasa yana tafe, hannunsa a kan bonet. Jama'a ta yi caa, ana "Ga shi nan! A ƙone ta!" Wani dutse ya sami Saje a goshi, jini ya zubo a kan kaki, bai ɗauke hannunsa ba. Ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba, ya ce, "Ku ba ta hanya! In ita ce ta banke tsohuwar, ai ta tsallake tudu biyu a guje kenan. To ga na farko, ku zuba ido!"

Jazuli ya taka a hankali. Tayoyin gaba suka hau, suka sauka. Sai ji aka yi ƙuuu, ƙarfe ya ci siminti, motar ta zauna daram a kan tudun kamar kaza a kan ƙwai. Tayar baya tana juyawa a banza, baƙin mai yana malala a kwalta. Ba gaba, ba baya. Mai jarkar fetur ya sulale ya bi lungu. Masu rantsuwar sun gani da ido kuwa, sai ga su suna cewa dama su tun farko sun yi shakka. Haba jama'a!

Baturen 'yan sanda ya dubi motar, ya dubi jinin da ke goshin Saje, ya shiga motarsa ya tafi.

Bayan kwana biyu, samarin nan suka yi abin da ba su taɓa yi ba: suka shiga caji ofis da ƙafarsu. Ai duk masu gyaran jikin mota da masu fenti na garin abokansu ne. Sun gano wata koriyar mota da aka kai wani gareji da lotsattsen gaba, ana gaggawar a sauya mata launi. Aka kama mai ita, ya amsa laifinsa, aka yi wa Gwoggo Hansatu magani.

Kuna jira in ce an ƙara wa Saje girma ko? Ba a ƙara ba. Takarda aka ba shi ta ƙin bin umarni, aka tura shi wani ƙauye mai nisa. Ranar tafiyarsa motoci talatin da ɗaya suka jeru a ƙofar gidansa, aka sa shi a kujerar gaba ta motar Jazuli, wadda suka haɗu suka gyara. Suka rako shi a hankali har bakin sabuwar tasha, inda akwai wani tudun da ba mai iya hawa a cikinsu. Nan suka kashe motoci, suka fito, suka ɗora kayansa a ka, wani ya tura keken, suka ƙarasa da shi a ƙasa. Da zai shiga mota ya ciro gwangwanin ya miƙa wa Jazuli. Jazuli ya ce, "Riƙe abinka, Baba. Duk ɗan sandan da aka turo mana, mu za mu ba shi sabo."

To, kun ji. Darasin a fili yake: yarda ba a karɓarta da kulki, ba a karɓarta da dutse. Da haƙuri ake tara ta, da gaskiya ake riƙe ta, kuma ƙarya ɗaya ta isa ta zubar da ita gaba ɗaya. Bawan Allahn nan ya zaɓi ya rasa girma da ya ci amanar yaron da ya kira shi Baba.

Yanzu na dawo kanku, don ni kun gajiyar da ni. Kai mai kaki da ke cikin sahun nan, yaushe rabon da ka sauka daga mota ka gaisa da samarin unguwar da kake tsaro, ba don kamu ba? Kai saurayi, da ka hango ɗan sanda sai zagi, ka taɓa tunanin uban wani ne? Ku kuma dattawa, ku kuka fi ba ni haushi. Yaro ya yi askin da ba ku gane ba, ya hau abin da ba ku gane ba, shi ke nan ya zama ɓarawo. Makon jiya a unguwar nan kuka gama da ɗan mutane a kan "an ce". Wa ya tashi a cikinku ya je ya auna tudun? Ko mutum ɗaya babu.

Kafin ka buɗe baki a kan wani, je ka tsuguna ka duba, ko da kayanka za su yi datti. Allah Ya ba mu haƙurin tambaya, Ya tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Ku ce amin da ƙarfi, ai lokacin yaɗa maganar ba a hankali kuka yi ba.