Turmin da Ya Yi Ganye

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, kunnuwanmu na nan.

Na rantse da rawanin kakana ba za ku yarda ba, amma ku saurara.

A wani gari an yi masassaƙin turmi, sunansa Jatau. Dokar Sarkin Dawa ɗaya ce: busasshen itace na kowa ne, ɗanye kuwa ba a sa masa gatari. Jatau ya gaji da zuwa nesa, sai ya ce duk icen da ba shi da ganye matacce ne.

Ya je wa Tsamiya. Ta ce, "Dube ni da kyau. Rani da damina ban taɓa tuɓe rigata ba." Ya wuce.

Da rani ya tarar da Kuka tsirara. Ta ce, "Azumi nake yi. Ganye ruwa yake sha, shi ya sa na sallame shi. Kuma jikina taushi gare shi, ba ya turmi." Ya wuce.

Damina ta sauka, daji ya yi kore shar, sai Gawon gonar tsohuwa Iya Tabawa kaɗai ba ko ganye ɗaya. Gawo ya ce, "Barci nake, Jatau. Da damina nake zubar da ganye don gero ya sha rana. Da rani nake fitarwa don awakin Iya su ci."

Jatau ya ce, "Ji matacce da surutu!" Kaf! Kaf! Kaf! Gawo ya faɗi, Jatau ya sassaƙa turmi da shi.

Rani ya zo. Awakin Iya suka kewaye kututture suna kuka. Ɗaya ta kwanta, ba ta tashi ba. Iya ta kai ƙara gun Sarkin Dawa.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, busasshe na same shi ƙayau."

Sarkin Dawa ya ce, "A kawo turmin."

Aka kawo. Ga ganye ya tsiro a bakinsa, don lokacin Gawo ya yi. 

Sarki ya ce, "Ka dasa wani. Kafin ya yi 'ya'ya, kai ne Gawon Iya. Kowane rani harawar awakinta a kanka take."

Kowane itace da lokacinsa, kuma mai barci ba matacce ba ne. Ƙurunƙus, ɓera ya tsere da kansa.

Me? Wa ya ce ni ne Jatau? Wannan sanƙon gadonsa na yi, ba kaya ba ne ya cinye gashin... Na'am, Iya! Na ji kukansu. Ga ni nan, bari in ɗauko igiya.