Minti Goma Sha Ɗaya A Ƙarƙashin Ƙanƙara

Akwai wani mutum a kwarinmu na Tirol mai suna Severin, gwanin zamiya a kan dusar ƙanƙara. Shekara ashirin yana hawa duwatsu, ko targaɗe bai taɓa yi ba, har abin ya shiga kansa.

Ƙanwarsa Walburga mai gidan burodi ce, bara ta fara bin sa. Kafin nan ta je wurin Baba Alois, tsohon jagoran masu hawa dutse, ya rubuta mata sunayen littattafai uku a kan zaftarewar ƙanƙara. Ta karance su tas. Kullum tana binne jaka a cikin ƙanƙarar da ke bayan gidansu tana gwada tonowa.

Severin yakan leƙo ta taga ya ce, "Burgi, ƙashi kike ɓoyewa? Ko kare ya huta."

Wata Asabar, bayan kwana biyu ƙanƙara tana zuba, gari ya waye garau. Suka hau da zumuɗi, Severin har da waƙa. Daf da wani gangare, Walburga ta ji ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashinta, ƙanƙarar da ke gabanta ta yi doguwar tsaga.

"Yaya, mu juya. Sabuwar ƙanƙarar nan ba ta kama ta ƙasa ba."

"A shafi na nawa aka faɗa?" Ya yi dariya ya zame ya shiga gangaren.

Bai yi nisa ba gangaren ya ɓalle gaba ɗaya. Walburga ba ta rufe ido ba, ta kafe jar rigarsa da kallo har inda ta nutse. Ta kira masu ceto, ta juya na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, wadda kowannensu ke ɗaure da ita a ƙirji, zuwa neman tasa, ta gangara.

Na'urar ta yi ta ƙara har ta tsananta. Ta zaro doguwar sanda tana cakawa a ƙanƙarar, a karo na biyar ta taɓa abu mai laushi. Ba ta tona a kansa ba, ta koma ƙasa kaɗan ta shiga da shebur ta gefe, kamar yadda ta karanta. Hannuwanta suka mutu, ba ta tsaya ba.

A minti na goma sha ɗaya fuskarsa ta fito, ta yi shuɗi. Ta sa yatsa ta kwashe ƙanƙarar bakinsa. Ya ja numfashi, ya yi tari.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso. Shugaban masu ceton ya dubi ramin, ya dube ta.

"Baiwar Allah, shekara nawa kike wannan aiki?"

"Yau na fara," ta ce, tana dariya hawaye na zuba.

Severin, da karyayyar ƙafa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya riƙe hannunta gam. "Ƙanwata ce," ya ce wa mutumin. Ya sake faɗa wa matuƙin jirgin.

Darasi: Daɗewa a kan abu ba ta hana ka koyo, kuma kada ka raina mai karatu don sabon shiga ne. Ka nemi littafin kafin ranar buƙata. Ku tura wa wanda kuke so ya dawo gida lafiya.