Waldar da Na Yi da Babban Yatsana

Ƙanena Momchil ba mugu ba ne. Abu biyu ne suka yi masa yawa: gaggawa da son a yaba masa. Shekara biyu na ba shi. Mun tashi a gefen garin Smolyan, cikin duwatsun Rodopi, inda hanya ba ta miƙewa ko na taku ɗari. Ni na bar makaranta da wuri na koyi fentin mota. Shi kuwa tun yana ƙarami tuƙi ne a ransa.

Ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Jamus da kaji suka daɗe suna kwana a ciki, ya ce da ita zai shiga tseren hawan dutse da ake yi a yankinmu duk kaka. Shekara biyu muna kanta. Ya sauke injin ya sake ɗaure shi, ya sa masa tarbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ya canza birki da salansa. Ranar da aka gwada ta aka ce ta kai ƙarfin doki ɗari uku, sai da ya sumbaci bonet. Duk Lahadi yakan ɗauki hoton abin da aka ƙara ya sa a dandalin masu gyaran motoci na intanet, ya zauna yana ƙirga masu yabo, banitsar da Mama ta gasa, wato wainarmu mai cuku, tana hucewa a gabansa.

Abu na ƙarshe shi ne kejin ƙarfe, wato bututan da ake haɗawa a cikin mota don su riƙe rufi idan ta kife. Bai Zdravko, tsohon mai walda na unguwarmu, shi ya yi aikin ("Bai" laƙabin girmama dattijo ne a wajenmu). Ya walde ko'ina sai mahaɗa biyu na can sama, daidai kan direba, waɗanda suka manne da rufi. Ƙasansu kawai ya iya ɗiga wa wuta.

"Hannuna ba ya shiga nan," in ji shi. "Sai an yanke rufin, in zagaye su da wuta, a mayar. Mako biyu."

Momchil ya ce, "Mako biyu? Bai Zdravko, saura kwana tara tsere! Kuma dubi fentin da Yaya Yavor ya yi. Wannan shuɗin za ka sa wa zarto?"

"To in ka kife, sai shuɗin ya riƙe maka kai."

"Ni ba na kifewa, tsoho. Ku ne kuka saba, da motocinku masu gudun jaki."

"Jakin ne ya kawo ni shekara saba'in, ɗan nema," in ji shi. Ya naɗe wayarsa ya tafi.

Washegari da safe Momchil ya same ni a gareji, ya ajiye mini kofi, ya ɗora gwangwanin fila a kan kujera. Fila ita ce ƙullin da muke cike ramin jikin mota da shi kafin fenti. Tana bushewa ta yi tauri, amma ƙarfinta bai wuce na alli ba.

"Yaya, hannunka ya fi na tsohon nan kyau. Ka yi mata zanen walda kawai. Mai duba motoci da tocila yake leƙawa, ba da guduma ba. Ana gama tsere a yanke rufin, na rantse."

"Kanka ɗaya kuwa?"

"Na riga na faɗa wa duniya motar ta gamu. Mutum dubu huɗu suna jira. So kake a ce Momchil baki ne kawai?"

Na ce a'a sau biyu. A na uku ya rungumo wuyana yana dariya, irin dariyar da tun muna yara take sa in ba shi rabona na cakulan. Na kwaɓa fila, na kwanta rigingine a cikin motar, na cusa ta a mahaɗun. Na riƙa danna ta da babban yatsana, layi bisa layi, har ta fito kamar ɓawon kifi, yadda waldar gwani take fitowa. Na fesa farin fenti. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne na ji daɗin yadda ta yi kyau. Muka ce wa Bai Zdravko wani a birnin Plovdiv ya ƙarasa aikin.

Ran tsere Mama ta zuba ruwa a bakin ƙofa, kamar yadda take yi duk ranar da ɗayanmu zai fita wani babban abu, don lamari ya tafi sumul kamar ruwan. Momchil ya taka ya wuce yana cewa ta ajiye masa miyar wake. Mai duba motoci ya haska tocila, ya ce, "Wa ya yi wannan walda? Hannunsa da albarka." Momchil ya kashe mini ido.

Ina tsaye a kwanar hanya ta shida, rana tsaka, ganyaye sun yi ja a kan dutse. Na ji kukan injinsa tun daga ƙasa, na gane shi kamar yadda nake gane tarinsa ta bayan bango. Ya shigo kwanar, tayar baya ta hau tsakuwa, motar ta goce ta daki gefen hanya, ta juya sau biyu ta kwanta a kan rufinta. Ba wani gudu ba ne. A kwanar nan bara wani ya kife, ya fito yana zagin motarsa. Mutane har sun fara tafi suna jiran ya fito. Ni kaɗai na san ba zai fito ba.

Bayan kwana arba'in, mun raba dafaffiyar alkama a bakin kabari, Bai Zdravko ya ja ni gefe. Ya je ya ga gawar motar. Ya buɗe tafin hannuna ya sa mini wani farin gutsure, ya rufe da nasa hannun. Da na juya shi, ga zanen yatsana a jiki, sarai.

Mama ba ta sani ba har yau. Ita ta zaɓi hoton da aka buga a takardar rasuwa da ke manne a ƙofarmu: Momchil a kujerar direba, yana dariya, hular kwano a cinyarsa. Daidai saman kansa ga farar mahaɗar nan tana ƙyalli. Takan shafa hoton ta ce, "Ka yi masa aiki mai kyau, Yavor." Ta wannan ƙofa nake fita kullum.

Mai karatu, darasin da na saya da ran ƙanena shi ne wannan: aikin da bai gamu ba, kada ka rufe shi da fenti don mutane su yaba. Masu yabo ba sa cikin motar ranar da za ta kife. Kuma idan wanda kake ƙauna ya roƙe ka ka taya shi ƙarya a kan abin da ke riƙe da ransa, ka ƙi, ko da zai yi shekara ba ya gaishe ka. Da na ƙi, da yau Momchil yana fushi da ni a ɗakin da ke kusa da nawa.